Jiragen Balan-balan na Can Ƙololuwa: Sadarwa da Lura da Muhalli daga Tsayin Kilomita 20

Jirgin balan-balan jirgin sama ne da bai dogara da fukafukai ba. Abin da ke riƙe shi a sarari wata doguwar jaka ce da aka ɗura wa iskar da ba ta kai iskar duniya nauyi ba, yawanci hiliyom, a da can kuma haidirojin. Bambancinsa da balan-balan zalla shi ne yana da farfela da injin da ke juya ta, saboda haka yana iya nufar inda ake so, ko ya turje a gaban iska, alhali shi balan-balan sai inda iska ta kai shi. Nau'in da injiniyoyi suka yi fiye da shekara hamsin suna nema shi ne marar matuƙi, wanda zai hau tsayin kilomita 18 zuwa 22, ya kafe a saman wani yanki wata da watanni, ɗauke da eriyar sadarwa ko kyamarori da na'urorin auna iska. Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta sa irin waɗannan tashoshi cikin dokokinta tun 1997. A wurinta, tasha ce da ke tsakanin kilomita 20 da 50, tsaye a daidai wani wuri ƙayyadadde bisa doron ƙasa, kuma masu sana'ar suna kiranta HAPS a taƙaice.

Ba da ka aka zaɓi wannan tsayi ba. Iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa ce. Hawan ƙasa, inda hadari da guguwa da ƙura suke, yana ƙarewa wajen kilomita 10 zuwa 12 a ƙasashe masu sanyi, a ƙasashe masu zafi kuma yakan kai 17. Jiragen fasinja suna tafiya ne a kilomita 10 zuwa 12. Daga nan sai hawan da ake kira sitiratosfiya, wanda ya miƙe har kilomita 50. A gindinsa, kusa da kilomita 20, akwai wani ɗan tsakani inda iska ta fi lafawa idan aka gwada da abin da ke ƙasa da shi da abin da ke sama. Gajimare ba ya tare rana a wurin, jiragen sama ba sa gilmawa, kuma daga can ido yana kaiwa kusan kilomita 500 ta kowace fuska kafin ƙasa ta lanƙwashe.

Amfanin wurin yana fitowa ne idan aka dube shi tsakanin turken sadarwa da tauraron ɗan'adam. Turke yana kusa da mutane, amma sabis ɗinsa bai wuce 'yan kilomita ba, kuma kowane ɗaya yana buƙatar fili da janareto da dizal da mai gadi. Tauraron da ke tsayawa cak a sama yana nisan kilomita 35,786, yana ganin kusan sulusin duniya, sai dai saƙo na ɗaukar kimanin rabin daƙiƙa kafin ya je ya dawo da amsa. Taurarin ƙasa-ƙasa irin na Starlink, da ke wajen kilomita 550, sun rage wannan jinkiri, amma ba sa tsayawa: cikin 'yan mintoci kowane ya wuce, don haka sai an harba dubbai kafin sabis ya ɗore. Jirgin da ke kilomita 20 ya fi tauraron farko kusanci da ƙasa sau kusan 1,800, ya fi na biyu sau fiye da 25. Wayar hannu ta yau da kullum tana iya kama shi kai tsaye. Ana kuma iya sauko da shi a gyara, a sauya masa na'ura, a mayar, abin da kusan ba ya yiwuwa ga tauraro.

To me ya hana a gani a aikace? Wahalar farko ita ce siranta iska. A kilomita 20, kaurin iska kashi 7 cikin 100 ne kawai na wanda ke gaɓar teku. A ƙasa, mita kubik ɗaya na hiliyom yana ɗaga kusan kilo ɗaya. A can sama bai kai giram 80 ba. Jirgin da nauyinsa duka ya kai tan 10 yana buƙatar jakar da ta kai mita kubik 130,000. Hindenburg na Jamus, mai tsawon mita 245 da iskar haidirojin mita kubik 200,000, da za a kai shi wannan tsayi, abin da zai iya ɗagawa bai kai tan 17 ba, alhali gangar jikinsa kaɗai ta haura tan 100. Wannan ya sa ba a maganar ƙarfe ko wani kwarangwal mai nauyi. Dole fatar jirgin ta zama sirara ƙwarai, ta kuma hana hiliyom tsiyayewa, ta jure sanyin da ya kai digiri 56 ƙasa da sifili, da hasken rana mai cinye roba, da iskar ozon da ke ruɓar da ita.

Wahala ta biyu tana cikin hawa da sauka. Hiliyom da aka ɗura a ƙasa zai kumbura kusan ninki 14 kafin ya isa sama. Wasu jiragen suna da jakunkunan iska a ciki, waɗanda ke cike lokacin tashi, suna sacewa a hankali don ba hiliyom wuri. Wasu kuma ana sakin su ne a yamutse, da ɗan hiliyom a ka, sai sun isa sama su cika su ɗauki siffarsu. Ko ta wace hanya, sai jirgin ya ratsa yankin iska mai tsananin gudu da ke tsakanin kilomita 10 da 15, kuma ƙaton abu marar nauyi ba ya da ta cewa a gaban irin wannan iska. Bayan ya isa, rana da dare su karɓe shi. Da rana hiliyom ya yi zafi ya nemi fasa jakar, da dare ya huce ya tsuke, jirgin ya nemi yin ƙasa. Idan aka saki hiliyom da rana don a rage matsi, an rage kwanakin jirgin ke nan, tunda babu inda za a ƙaro.

Wahala ta uku ce ta fi kowace tsauri, kuma a kanta ne maganar gaba ɗaya ta rataya. Tsayawa wuri ɗaya a sama aiki ne ba hutu, kamar mai kwalekwale a tsakiyar kogi da yake son zama daidai wata bishiya ta gaɓa: da ya ajiye filafili, ruwa ya tafi da shi. Ƙarfin da ake buƙata ba ya tafiya kai ɗaya da gudun iska. Idan gudun iska ya ninka biyu, wutar da farfela za ta ci sai ta ninka takwas. Wutar nan daga farantan sola take zuwa da rana, da dare kuwa daga batir. Ƙarin batir ƙarin nauyi ne, ƙarin nauyi yana neman jaka mafi girma, jaka mafi girma tana tare iska fiye da da, wannan kuma ya sake neman ƙarin wuta. Injiniyoyi sun daɗe suna zagaye cikin wannan da'ira, kuma abin da ya fara buɗe musu ƙofa shi ne sauƙin nauyin batir da farantan sola da yadudduka na zamani, ba wata sabuwar dabarar tashi ba.

Tarihin jirgin balan-balan ya girmi na jirgi mai fukafukai. Henri Giffard ya tuƙa na farko mai injin tururi a Faransa a 1852, Zeppelin na farko ya tashi a Jamus a 1900, kuma zamanin manyan jiragen fasinja ya ƙare bayan Hindenburg ya ƙone a Lakehurst ta Amurka ranar 6 ga Mayu, 1937, inda mutum 36 suka rasu. Duk waɗannan a ƙasa-ƙasa suke tafiya. Yunƙurin hawa can ƙololuwa ya yi ƙarfi ne a shekarun 1990, lokacin da wayar hannu da intanet suka fara bunƙasa. Japan ta buɗe shirinta na ƙasa a 1998; a 2003 ta kai wani jirgi marar inji sama da kilomita 16, a 2004 kuma ta gwada tsayar da mai tsawon mita 68 a tsayin kilomita 4 a tsibirin Hokkaido, daga nan shirin ya tsaya. A Amurka, HiSentinel ya hau fiye da kilomita 22 a jihar New Mexico a 2005, amma na 'yan sa'o'i kawai. Gwajin da ya fi jan hankali shi ne na kamfanin Lockheed Martin, HALE-D, wanda ya tashi daga Akron a jihar Ohio a Yulin 2011 da niyyar kaiwa kilomita 18. Bai wuce 10 ba aka samu matsala, aka sauko da shi cikin wani daji a Pennsylvania.

A yau suna biyu ne suka fi fitowa. Kamfanin Thales Alenia Space na Faransa da Italiya yana aiki kan Stratobus, jirgi mai tsawon fiye da mita 100 da aka tsara ya ɗauki kaya kilo 250, kuma ƙaramin samfurinsa na cikin shirin gwaji na Tarayyar Turai mai suna EuroHAPS. Na biyu shi ne Sceye, da ke New Mexico, wanda Mikkel Vestergaard Frandsen ɗan ƙasar Denmak ya kafa. Kamfanin danginsa shi ne mai yin gidan sauro mai magani na PermaNet da ake rabawa a ƙasashen Afirka, kuma ƙwarewa kan yadi ce ta kai shi ga wannan fage. A Agustan 2024 jirgin Sceye ya hau sama da kilomita 18, ya yini da hasken rana, ya kwana da batir, ya wayi gari a sama. Kwana ɗaya ba shi ne watanni ba, amma shi ne karo na farko da aka nuna a aikace cewa jirgin balan-balan yana iya cike zagayen rana da dare da wutar kansa, kuma duk wani dogon zama maimaicin wannan zagaye ne.

Jirgin balan-balan ba shi kaɗai ke neman wannan wuri ba. Loon, na kamfanin da ya mallaki Google, ya yi amfani da balan-balan zalla, yana hawa da sauka don ya kama iskar da ta nufi inda yake so. Ya ba da sabis a Peru bayan ambaliyar 2017, da Puerto Rico bayan guguwar Maria a shekarar, kuma a Yulin 2020 ya fara aikin kasuwanci a Kenya tare da Telkom Kenya, da balan-balan kusan 35 a kan yankin da ya kai murabba'in kilomita 50,000. Ɗaya daga cikin balan-balan ɗin Loon ya taɓa yin kwana 312 a sama. Duk da haka aka rufe Loon a Janairun 2021, domin kuɗin da yake ci ya fi wanda zai iya shigowa. Akwai kuma jirage masu dogayen fukafukai da ke aiki da sola, irin Zephyr na Airbus, wanda ya yi kwana 64 a sama a 2022. Waɗannan sun fi saurin sarrafuwa, amma kayan da suke ɗauka bai wuce 'yan kilo ba. Fifikon jirgin balan-balan a kansu shi ne ɗaukar kaya masu nauyi da ba su wuta mai yawa, saboda ba ya kashe ƙarfinsa wajen riƙe kansa a sama.

Ta fuskar sadarwa, tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Jirgin yana karɓar saƙo daga wata tasha a ƙasa da ke haɗe da babban layin intanet, ya watsa shi ga wayoyi ta eriya mai iya raba yankin gida-gida. Da'irar da ke da kilomita 80 daga tsakiya zuwa baki ta kai faɗin jihar Kano. ITU ta fara ware wa irin waɗannan tashoshi zangon rediyo na gigahaz 47 da 48 a 1997, ta ƙara wasu a 2019, sannan a taron Dubai na 2023 ta amince su yi aiki a wasu zangunan ƙasa da gigahaz 2.7, waɗanda wayoyin hannu ke amfani da su. Matakin na 2023 ne ya fi muhimmanci, domin ya ba da damar mai waya ya kama sabis ba tare da sayen faranti ko wata na'ura ta daban ba. Sai dai faɗin yanki daban, yawan mutanen da za a iya ɗauka daban. Duk wanda ke ƙarƙashin jirgin yana raba ƙarfin eriya ɗaya ne da sauran, don haka ba zai maye gurbin ɗaruruwan turakun babban birni ba. Inda zai yi rana shi ne karkara mai warwatsattsun ƙauyuka, da hamada, da tsibirai, da wurin da ambaliya ko girgizar ƙasa ta kayar da turaku.

A nan ne kuma lissafin kuɗi ke cijewa. Wuraren da turke bai kai ba su ne wuraren da mutane suka fi ƙaranci kuma suka fi talauci. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, sun nuna cewa a Afirka kudu da Sahara, waɗanda sabis ɗin intanet ya riga ya isa yankinsu amma ba sa amfani da shi sun ninka waɗanda bai isa wurinsu ba sau da yawa. Abin da ya hana su shi ne tsadar waya da tsadar data da ƙarancin karatu, kuma babu ɗaya cikin ukun da jirgi a sama zai warware. Wannan ne darasin da Loon ya bari, kuma har yanzu babu wanda ya nuna ya tsallake shi. Ga kuma Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, ƙasa ta farko a Afirka, da ma yunƙurin haɗa taurari da wayar hannu kai tsaye, duk suna cin kasuwar da ake yi wa jiragen tanadi.

Lura da muhalli ne fagen da hujjar jirgin ta fi ƙarfi, saboda yana ba da abin da babu wata na'ura da ke bayarwa: dubawa daga kusa, ba ƙiftawa. Tauraron Landsat yana komawa kan wuri ɗaya ne bayan kwana 16, Sentinel-2 na Turai bayan kwana biyar. Taurarin hasashen yanayi da ke tsaye cak suna ɗaukar hoto duk bayan 'yan mintoci, amma daga nisan da ba sa bambance abin da bai kai ɗaruruwan mita ba. Jirgin sama mai matuƙi yana gani dalla-dalla, sai dai bayan 'yan sa'o'i mai ya ƙare. Abubuwa da yawa da suka shafi muhalli kuwa a cikin sa'o'i suke faruwa. Gobarar daji tana tashi da tsakar rana, kafin magariba ta ci gonaki. Ruwan ambaliya yana sauya hanya cikin dare ɗaya. Jirgin ruwa yana zubar da dattin mai a teku ya wuce, masu kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba su kashe na'urar da ke nuna inda suke.

Misali mafi bayyana shi ne iskar metan. Cikin shekara 20 na farko bayan fitarta, tana riƙe zafi fiye da iskar kabon sau kusan 80, kuma kaso mai yawa nata yana tsiyaya ne daga rijiyoyin mai da bututun gas. Tsiyayar ba kullum take ba: bawul ya buɗe na 'yan sa'o'i, a rufe, tauraro ya zo wucewa bai ga komai ba. Na'urar da ke tsaye a sama dare da rana tana iya nuna rijiyar da ta saki iskar, da lokacin da ta fara, da tsawon lokacin da ta ɗauka, wato irin shaidar da hukuma za ta iya kama kamfani da ita. Shi ya sa Sceye ya ƙulla yarjejeniya da hukumar kare muhalli ta Amurka da gwamnatin New Mexico kan auna ingancin iska, a jihar da ta ƙunshi wani ɓangare na yankin mai na Permian. A wannan kasuwa masu biya gwamnatoci ne da kamfanonin mai da na inshora, ba talakan ƙauye ba, kuma da alama nan ne jiragen za su fara cin gashin kansu kafin sadarwa. Akwai kuma fa'idar zama a cikin sitiratosfiya kanta, inda mafi yawan ozon yake tsakanin kilomita 15 da 35. Jirgin yana iya ɗibar iskar wurin ya auna kai tsaye.

Ido da ke ganin tsiyayar gas yana ganin mutane ma. Kyamarar da ta kafe a saman gari tana iya bin sawun kowace mota daga safe zuwa dare, kuma kaso mai yawa na kuɗin da aka zuba a wannan bincike daga ma'aikatun tsaro ya fito. Dokokin da za su kare sirrin jama'a daga irin wannan kallo ba su kankama ba a galibin ƙasashe, kuma bai kamata a jira sai jiragen sun cika sama kafin a rubuta su ba. Matsayin wurin a doka ma da sauran rina a kaba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa cikakken iko da sararin samaniyarta, yarjejeniyar 1967 kuma ta ce sararin da ke wajen duniya ba na kowa ba ne, amma ba a taɓa amincewa da iyakar da ke tsakani ba. A aikace ƙasashe suna ɗaukar kilomita 20 a matsayin samaniyarsu, kamar yadda aka gani a Fabrairun 2023 lokacin da Amurka ta harbo wani balan-balan na ƙasar Sin a gaɓar South Carolina. Jirgin da iska ta tura ya ƙetare iyaka yana iya jawo rikicin diflomasiyya, ko da aikinsa auna hayaƙi ne.

Hiliyom ma yana da tasa matsalar. Daga rijiyoyin gas ake tace shi, galibi a Amurka da Qatar da Aljeriya da Rasha, kuma wanda ya tsere ba ya dawowa. Asibitoci suna buƙatarsa don sanyaya na'urar hoton MRI, farashinsa kuma yana yawan tashi. Haidirojin ya fi shi araha, ya kuma fi shi ɗagawa da kusan kashi 8 cikin 100, kuma tunda babu mutum a cikin jirgin, wasu injiniyoyi suna ganin lokaci ya yi da za a sake duba shi duk da saurin kama wutarsa.

Yanayin ƙasa yana da tasiri kan inda jiragen za su fara aiki. A Turai da arewacin Asiya, daren hunturu yana da tsawo, rana tana ƙasa-ƙasa, iskar sitiratosfiya kuma tana tsananta a daidai lokacin da wuta ta fi ƙaranci. Kusa da tsakiyar duniya dare da rana kusan daidai suke duk shekara, rana tana bisa kai, don haka lissafin batir ya fi sauƙi. Wannan ne ya sa gwaje-gwaje da dama suka karkata Afirka: bayan Loon a Kenya, kamfanin SoftBank na Japan ya gwada sadarwar 5G daga sitiratosfiya a Ruwanda a 2023 da jirgi mai fukafukai, kuma reshen Airbus mai kula da Zephyr ya kafa filin tashi a Laikipia ta Kenya. Yankin Sahel yana da wannan fa'ida ta rana, ga faɗin ƙasa da ƙarancin turaku, Nijar kaɗai ta kai murabba'in kilomita 1,267,000. Amma yana da nasa cikas. Da damina manyan gizagizan hadari suna tashi har kusa da kilomita 17, iskar gabas mai ƙarfi tana kaɗawa a ƙasa da nan kaɗan, da hunturu kuma ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana dushe abin da kyamara za ta gani a ƙasa, ko da yake ba ta hana saƙon rediyo ko na rada wucewa. Iskar sitiratosfiya ta yankin tsakiyar duniya tana kuma juyawa daga gabas zuwa yamma, ta sake komowa, a zagayen kimanin wata 28, don haka duk jirgin da za a girke a wurin sai an gwada shi a ɓangarorin biyu na zagayen kafin a san yawan batir da girman farfelar da zai buƙata.